Mun gayyaci 'yan jarida gasar ƙannenmu, sun ɗauki jawabi sun tafi: me zan yi?

Yayar Ɗan Tsere

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai abin ya ci ni, shawara nake nema.

Ƙanena shekararsa 19, an haife shi da raunin fahimta. Karatu da lissafi suna ba shi wuya, maganarsa ma sai ka kasa kunne sosai. Amma in aka ce gudu, to ka ba shi hanya. Shekara uku ke nan mu iyaye da yayye, tare da malaman motsa jiki biyu, muna shirya wa irinsu gasa sau ɗaya a shekara: tsere, dogon tsalle, jifan dalma da ƙwallon ƙafa ta mutum biyar-biyar. Bana 'yan wasa 42 muka tara. Wata huɗu suna atisaye.

Tun saura mako uku na kai takardar gayyata gidajen rediyo biyu, gidan talabijin ɗaya da wata jarida, da ƙafata, kowanne aka buga mini hatimi. Ranar gasa gidan talabijin ɗin ne kaɗai ya turo mutum biyu. Sun iso babban baƙo yana jawabi, suka ɗauka. Suka ce a jera yaran ana miƙa musu riguna, suka ɗauka. Kafin a hura usur ɗin tseren farko sun naɗe kayansu, wai suna da wani aikin.

Da dare ƙanena ya zauna gaban talabijin da lambar zinarensa a wuya, don shi ya ci mita 400. Aka yi labaran wasanni kaf babu mu. Sai can a wutsiyar labarai aka nuno baƙon yana magana, mai karatu ta ce "an tallafa wa masu taɓin hankali da kayan wasa". Bai kai minti ɗaya ba. Ya juyo ya ce mini, "Yaya, ina gudun?"

Wallahi ban san amsar da zan ba shi ba. Shin akwai abin da nake yi ba daidai ba? In je in yi musu ƙorafi ne, ko hakan zai sa su daina zuwa gaba ɗaya? Ko kuwa in haƙura da 'yan jarida mu ci gaba da abinmu?

Wata 'Yar'uwa

Wa alaikumus salam. Wannan "ina gudun" ta sa ni hawaye. Allah ya ba ku lada, ya raya shi. Ki ce masa wata yayarsa a nan tana taya shi murna.

Tsohon Editan Wasanni

'Yata, kafin in ce komai, amsa mini abu biyu. Sunan wa kika rubuta a bayan ambulan ɗin? Sannan me jimlar farko ta takardar ta ce?

Yayar Ɗan Tsere

Baba, ga shugaban gidan na rubuta. Na fara da cewa muna roƙon su taimaka su halarci taron da muka shirya domin faranta ran bayin Allah masu buƙata ta musamman, kuma wane ne zai zama babban baƙo.

Tsohon Editan Wasanni

To ai kin ga inda gizo yake saƙa. Kada ki ji haushina, na yi fiye da shekara ashirin a kan teburin da irin takardarki take faɗawa, kuma na jefa irinta a kwando ba sau ɗaya ba. Ba na alfahari da hakan, ina gaya miki yadda abin yake ne.

Takardar da aka rubuta wa shugaba, sakatariyarsa ce take karantawa. Ta ga "taimaka", ta ga "bayin Allah", ta ga "babban baƙo". A wurinta wannan taron jin ƙai ne, don haka ta tura wa masu ɗauko labaran al'umma. Sashen wasanni bai ma san an yi ba. Waɗanda suka zo kuma abin da aka aike su ɗauka suka ɗauka: baƙo, jawabi, rabon kaya. A wurinsu aiki ya kammala. Kuma ki sani kyamara ɗaya ce ake yawo da ita wuri uku ko huɗu a yini, duk wanda ya buɗe taronsa da jawabi, jawabi za a ɗaukar masa.

Editan wasanni abincinsa ɗaya ne: sakamako. Wa ya ci, da daƙiƙa nawa, wa ya bi masa, wa ya ci bara, akwai 'yar tsama tsakaninsu ko babu. In kika ba shi wannan ya samu labari. In kika ba shi tausayi, ba shi da shafin da zai saka shi. Ki duba takardarki da kyau, ko sau ɗaya kin rubuta kalmar "gasa" a sakin layi na farko? Kin ambaci sunan ɗan wasa ko ɗaya? Kin ce ƙarfe nawa za a yi zagayen ƙarshe na mita 400?

Da ni ne, ba shugaba zan nema ba. Zan saurari shirin wasanni na rediyon nan na mako biyu, in gano wane mai gabatarwa ne yakan taɓo wani abu ban da ƙwallon Turai, ko da dambe ne ko tseren keke. Shi zan nema da sunansa, in same shi ido da ido. Zan ba shi takarda shafi ɗaya: ranar gasa, jerin wasanni da lokacin kowanne, sunayen 'yan wasa uku da za a sa wa ido da abin da kowannensu ya yi bara. In ce masa, "In minti ashirin kake da shi, ka zo ƙarfe kaza." Jawabin baƙo kuma a mai da shi ƙarshe, lokacin ba da lambobi. In baƙon ya ji haushi, a canza baƙo.

Sannan ranar da kuke zaɓa. In yammacin Asabar ne ana tsakiyar kakar ƙwallo, kun shiga kasuwar da ba a jin muryar kowa. Ku nemi makon da manyan gasanni suke hutu. Lokacin nan edita yana neman abin da zai cike fili ido rufe.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka. Ko ba wanda ya zo, cikin awa ɗaya da tashi ki tura masa cikakken sakamako a rubuce, da hotuna biyu masu kyau na yara suna cikin gudu, ban da na jeri ana karɓar riga. Rabin labaran ƙananan wasanni da kike ji a rediyo ba wanda ya je wurin, turowa aka yi.

Mai Faɗin Gaskiya

Ni fa ban ga laifin 'yan jarida ba. Gidan talabijin kasuwa ce, abin da jama'a ke kallo shi masu talla ke biya. Tsakani da Allah wa zai bar wasan Real Madrid ya zauna kallon waɗannan yaran? Ku yi abinku don Allah kawai, ba sai duniya ta gani ba. Neman suna ne ke ɓata lada.

Yayar Ɗan Tsere

Malam, ba sunana nake so a faɗa ba. Nasa nake so a faɗa, shi da ya yi gudun.

Mai Horar da Masu Iyo

Malam Mai Faɗin Gaskiya, rabin maganarka gaskiya ce, kasuwa ce. Amma mutum ba ya neman hajar da bai taɓa gani a kan tebur ba. Kafin 2012 haka ake cewa game da Paralimfik, wato babbar gasar naƙasassu ta duniya, baki ɗaya. Da tashar Channel 4 ta Birtaniya ta karɓi nuna wasannin Landan, ta tallata su kamar yadda ake tallata kowace babbar gasa, ta koya wa masu kallo yadda ake rarraba 'yan wasa. An sayar da tikiti kusan miliyan 2.7 a gasar. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba, nuna musu aka yi.

Kuma "waɗannan yaran" da kake faɗa, ka san me suke yi a fili? A Paralimfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021, wani Bafaranshe mai raunin fahimta, Charles-Antoine Kouakou, ya ci zinare a mita 400 da daƙiƙa 47 da 'yan kai. Ka fita gobe ka zagaya fili sau ɗaya, ka dawo ka faɗa mana naka lokacin.

Mai Faɗin Gaskiya

Ni ko mita 100 ban yi alkawari ba. Amma wancan ai zakaran duniya ne, ba irin gasar da 'yar'uwa take magana ba.

Mai Horar da Masu Iyo

Gasar makarantun sakandare ma ba zakarun duniya ba ne, amma ana karanto sakamakonsu.

Bari in koma kan mai tambaya. Ƙanwata, akwai wani abu da ke rikita 'yan jarida wanda ya kamata ki warware musu tun a takarda, domin hanyoyin shirya wa masu raunin fahimta gasa biyu ne kuma mutane suna cakuɗa su.

Ta farko ita ce Special Olympics. Eunice Kennedy Shriver ce ta kafa ta, 'yar'uwar shugaban Amurka John Kennedy, wadda yayarta Rosemary take da raunin fahimta. An yi gasar farko ranar 20 ga Yuli 1968 a filin Soldier Field na Shikago, da 'yan wasa kusan 1,000 daga Amurka da Kanada. A tsarinsu duk mai raunin fahimta daga shekara 8 zai iya shiga gasa, komai ƙarfinsa ko rauninsa. Ana fara gwada su, sai a kasa su rukuni-rukuni bisa shekaru da jinsi da ƙwazo, kowane rukuni daga mutum 3 zuwa 8, yadda kowa zai kara da tsaransa. Na ɗaya zuwa na uku su sami lambobi, sauran a ba su kintinkiri. Saboda haka a tseren mita 100 kaɗai za ka iya samun masu zinare da yawa. Ɗan jaridar da ba a yi wa bayani ba yana ganin haka sai ya ce ashe rabo ake yi, ba gasa ba. Alhali a dambe ma ai ba a haɗa mai nauyin kilo 52 da mai kilo 90, kuma ba wanda ya ce zinaren ƙaramin na bogi ne. Wannan misalin na dambe shi nake ba su, nan take suke ganewa.

Ta biyu ita ce ta ƙwararru, wadda ke kaiwa Paralimfik. Hukumar da ke kula da ita ana kiranta Virtus, da can INAS. A nan zakara ɗaya ne, ana ajiye tarihin bajinta na duniya. Suna da babbar gasarsu, an yi ta 2019 a Brisbane ta Ostireliya, ta 2023 a Vichy ta Faransa. Ina ƙalubalantar duk wanda ke zauren nan ya ce ya ji labarin ɗaya daga cikinsu a rediyo.

Ki faɗa wa ɗan jaridar wane tsari kuke bi, cikin jimla biyu. In kuna kasa rukuni, ki ba shi sakamakon kowane rukuni, amma ki nuna masa wanda ya fi kowa sauri a ranar.

Ma'aikaciyar Jinya

Ni inda ya fi ƙona mini rai shi ne "masu taɓin hankali". 'Yar'uwa, wannan kam ba abin haƙuri ba ne, ki je a gyara. Taɓin hankali ciwo ne da kan sami mutum a kowane lokaci na rayuwa, ana shan magani, da yawa suna samun sauƙi su koma harkokinsu. Raunin fahimta kuwa yanayi ne da ke bayyana tun ƙuruciya, ya shafi saurin koyo da iya tafiyar da al'amuran yau da kullum. Ba ciwo ba ne da ake jiran ya warke. Wani daga halitta ne, kamar masu Down, waɗanda ke da ƙwayar gado ta 21 guda uku maimakon biyu. Wani kuma wahalar haihuwa ce, ko sanƙarau, ko rashin sinadarin aidin lokacin goyon ciki. Babu abin kunya a ko wanne cikin biyun, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma in aka ce wa jama'a masu taɓin hankali ne sai wasu iyaye su hana 'ya'yansu zuwa kusa.

Ko kalmar galahanga da ta yaɗu yanzu, za ka ji wani ya kira mai Down da ita, wani mai otizim, wani yaron da gaɓoɓinsa suka sanƙare. Ki rubuta musu kalmar da kuke so a yi amfani da ita a ƙasan takardar, da waɗanda ba ku so. Yawancinsu ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa gaya musu.

Tsohon Editan Wasanni

Hajiya ta yi gaskiya. Ki je, amma kada ki shiga da faɗa, kuma kada ki fara da rubuta su a Facebook. Ɗan jaridar da aka kunyata a bainar jama'a ba ya dawowa, abokan aikinsa ma sai su riƙa kauce muku. Ki nemi editan labarai, ki gode da zuwan da suka yi, ki ce akwai kuskuren kalma ɗaya da ya yi wa iyaye ciwo. Daga nan ki ce, tunda ba su samu ɗaukar tseren ba, ga wanda ya ci, ga mai horar da shi, ko za a ba su minti biyar a shirin wasanni. Edita mai jin nauyin kuskure ya fi kowa saurin cewa to. Wannan kuskuren nasu shi ne ƙofarki.

Uwar Mai Jifan Dalma

Ku yi haƙuri zan kawo wata magana daban. Kowa yana ta yadda za a kawo kyamara, ba wanda ya tambaya ko duka iyaye ne ke son ta.

'Yata tana da Down, shekararta 16. Shekara biyu da suka wuce wani ya ɗauke ta a waya tana jifa, ta yi wani ihu na murna da ta saba yi. Ya saka da kyakkyawar niyya. Kafin kwana uku wasu sun yanke wurin ihun kaɗai, sun ɗora masa kiɗa, ana ta turawa ana dariya. Har wayar ƙaninta ya iso, a makaranta aka nuna masa. Ita ba ta sani ba har yau, mu ne muka sha. Wata shida ban bar ta ta koma fili ba.

Ta koma yanzu, don na ga zaman gida ya fi cutar da ita. Amma ina roƙonki 'yar'uwa, kafin ki kira kowa, ki zauna da iyaye ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yarda a nuna ɗansa ba a san yadda za a bambanta shi, ko da zare ne mai launi a hannu, a gaya wa mai kyamara. Su ma yaran a tambaye su da bakin da za su gane. Wanda ya kai 19 kamar ƙaninki ba yaro ba ne, yana da ta cewa.

Yayar Ɗan Tsere

Inna lillahi. Mama, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Allah ya saka miki, ya tsare ta. Mu takardar yarda ta shiga gasa kawai muke ba iyaye, babu maganar hoto a ciki.

Uwar Mai Jifan Dalma

Amin. Ki ƙara layi ɗaya kawai. Kuma in za a yi hira da su, wani da suka saba da shi ya tsaya kusa, amma kada ya riƙa amsa musu. Na ga an yi hira da uba minti uku a kan ɗansa, ɗan yana tsaye a gefe kamar an jingina tsintsiya. A yi tambaya gajera, a jira. 'Yata takan ɗauki lokaci kafin ta amsa, amma amsar tana zuwa.

Ɗalibin Tarihin Wasanni

Abin takaici, a iya karatuna, ranar da jaridun duniya suka fi cika da labarin wasannin masu raunin fahimta ita ce ranar da aka kama masu lafiya suna satar musu lamba.

A Paralimfik ta Sidni a 2000, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a rukunin masu raunin fahimta. Bayan an dawo gida sai ɗaya daga cikin 'yan wasan, Carlos Ribagorda, ya fito ya ce shi ɗan jarida ne, lafiyarsa ƙalau, kuma ba wanda ya yi masa gwajin kirki. Bincike ya nuna 10 daga cikin 12 ba su da wata naƙasa. Aka karɓe lambobin. Sai hukuncin ya faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba: aka cire rukunin masu raunin fahimta daga Paralimfik baki ɗaya. Ba su je Atens a 2004 a matsayin masu neman lamba ba, ba su je Beijin a 2008 ba. Sai a 2009 aka amince su dawo, bayan an sake tsarin tantancewa, suka fito a Landan a 2012. Wanda yake ganiyarsa a 2000, kafin a buɗe ƙofa ƙafarsa ta yi sanyi.

Har yanzu ba su gama farfaɗowa ba. A Paris a 2024 wasanni 22 aka yi, uku kacal suke da rukuninsu: guje-guje da tsalle-tsalle, iyo, da ƙwallon tebur. To in a babbar gasar naƙasassu ta duniya ma gefen tabarma aka ba su, ba abin mamaki ba ne edita bai san da su ba. Kuma ina ganin akwai wani dalili. Mai keken guragu ko mai ƙafar roba, hoto ɗaya ya ba da labarinsa. Mai raunin fahimta yana gudu kamar kowa, kyamara ba ta ganin abin da yake fama da shi: riƙe dabarar tsere a ka, sanin lokacin da zai ƙara wuta, jure hayaniyar 'yan kallo. Sai an yi bayani, bayani kuma yana cin lokaci.

Mai Horar da Masu Iyo

Wannan batu na ƙarshe haka yake. Ina da yaron da ya fi kowa ƙarfi a ruwa, amma shekara guda muka yi kafin ya daina tsayawa in ya taɓa bango a tsakiyar mita 100, shi a wurinsa an gama. Ranar da ya juya da kansa ban san lokacin da na faɗa ruwa da kayana ba. Irin wannan ne labarin, kuma mai horarwa ne kaɗai zai iya ba ɗan jarida shi.

Don kada a ce kullum kuka muke yi, abin yana motsawa. Tashar wasanni ta Amurka, ESPN, ta nuna gasar duniya ta Special Olympics ta Los Angeles a 2015. Ta Abu Dabi a 2019 ta tara 'yan wasa fiye da 7,000. A ta Berlin, a watan Yunin 2023, manyan kafofin yaɗa labaran Jamus da suka saba hamayya da juna suka haɗa kai suka raba aikin nuna ta. Sai dai da an kashe wutar gasar sai a koma gidan jiya, har wata shekara huɗu. Abin da ke tsakani, irin naku na kowace shekara, shi ne ba mai ɗauka.

Ɗan Autan Zaure

Anti, ni a ganina ku daina jiran kowa. Waya biyu sun isa. Ɗaya a wurin tashi, ɗaya a layin ƙarshe, a riƙe ta a kwance. Ku sami mai zaƙin baki ya riƙa sharhi kamar yadda ake yi wa ƙwallo, yana kiran sunaye. Ku buɗe shafi, ku sa sakamako. Amma don Allah ban da kiɗan ban tausayi, ban da rubuta "kalli abin da zai sa ka kuka". Da na ga irin wannan nake wucewa. In mutum ya ci, a ce ya ci. In ya zo na biyar a ce na biyar ya zo.

Ni zan iya koya wa wanda za ku ba aikin yadda ake yankawa, kyauta.

Tsohon Editan Wasanni

Yaron nan ya fi ni gaskiya a wani wurin. Sai dai kada a yar da rediyo. Shafinku waɗanda suka riga suka damu ne za su bi shi. Rediyo kuwa yana shiga kunnen uban da ya kulle ɗansa a ɗaki shekara goma don kunya, wanda ba zai taɓa neman shafinku ba. Ya ji an ce wane ɗan wane ya ci tsere, an faɗe shi a jeri ɗaya da sauran 'yan wasa. Ku yi duka biyun, bidiyon wayar ma shi za ku tura wa gidan talabijin.

Mai Faɗin Gaskiya

To na ji. Ni dai har yanzu ina ganin wuya ne. Amma in an sa rana a faɗa a nan, in ina kusa zan zo in ga mai mita 400 ɗin nan.

Yayar Ɗan Tsere

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwana biyu ban leƙo ba saboda na bi wasu daga cikin shawarwarin.

Na je gidan talabijin ɗin. Editar mace ce, ta saurare ni, ta ce ita ma ba ta san akwai bambanci tsakanin kalmomin ba. Ba ta yi alkawarin gyara a labarai ba, amma ta haɗa ni da mai shirin wasanni na ranar Lahadi. Shi kuma tambayar farko da ya yi mini ita ce irin ta Baba: "Da daƙiƙa nawa ya ci?" Na tsaya ina kallonsa, ban sani ba. Ni da nake kukan ba a ɗauki gudun da muhimmanci ba.

Na tambayi ƙanena ko yana so ya shiga talabijin. Ya ce e, amma da rigar gudu, ba da kaftani ba, kuma sai an kira abokinsa da ya zo na biyu. Maganar takardar yarda da hoto kuma za mu zauna da iyaye mako mai zuwa, Mama na gode.

Daga can na wuce wurin malaminsu. Ashe yana rubutawa a wani tsohon littafi. Shekarar farko ƙanena ya yi minti 1 da daƙiƙa 9, bara minti 1 da daƙiƙa 5, bana minti 1 da daƙiƙa 2.

Tsohon Editan Wasanni

Daƙiƙa bakwai cikin shekara biyu, kuma saura biyu da 'yan kai ya sauka ƙasa da minti ɗaya. 'Yata, wannan ita ce jimlar farko ta takardarki ta baɗi, ki goge "bayin Allah". Na biyun fa, da nawa ya bi shi?

Yayar Ɗan Tsere

Malam bai rubuta ba, Baba. Na wanda ya ci kawai yake ɗauka, agogo ɗaya gare shi.

Tsohon Editan Wasanni

Kowace waya tana da agogon auna gudu. Ki samo mutum takwas, kowa ya riƙe layi ɗaya, a rubuta na kowa har wanda ya zo ƙarshe. Ki turo mini takardar in kin rubuta, in duba miki kafin ki kai.